Jirgi Daga Kano, Jirgi Daga Maraɗi

Batsari ba ta da tashar jirgin ƙasa, Safana ma haka. Tsohon layin dogon da ya taɓa ƙasar Katsina ta kudu ya bi, daga Zariya zuwa Funtuwa, ya zarce Gusau, ya tuƙe a Ƙauran Namoda a 1929. Sabon layin da aka ƙaddamar da aikinsa a watan Fabrairun 2021, mai tsawon kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya aka zana masa hanya. Jibiya ce mafi kusa da Batsari, ita ma sai an hau mota ko babur. Amma jiragen ƙasa sun daɗe suna gudu a makarantun wannan yanki na bakin dajin Rugu, a kan baƙin allo, da farin alli, domin littafin lissafi ba ya tambayar yaro ko ya taɓa jin kukan jirgi kafin ya ce masa ya auna gudunsa.

Cikin tambayoyin jirgi akwai na gwada iya tarawa da rabawa, akwai kuma na tarko. Ga mafi sauƙin na tarkon. Jirgi ya taso daga Kano yana cin kilomita 100 a awa, wani ya taso daga Maraɗi a daidai wannan lokaci yana cin 40. Sa'ad da suka haɗu, wanne ya fi kusa da Kano? Kafin malam ya rufe baki rabin aji sun duƙufa, wannan yana tara 100 da 40, wancan yana raba 284. Ga shi kuwa ko alƙalami ba a bukata. Tunda sun haɗu ai wuri ɗaya suke, nisansu da Kano ɗaya ne. An kawo lambobin ne kawai don su ɗauke hankali.

Wannan ta ƙananan yara ce. Yayarta ita ce mai tattabara, ita ce kuma ta cancanci a shimfiɗa mata tabarma.

Jiragen nan biyu sun sake tasowa, wannan karon kowanne yana cin kilomita 71 a awa. Suna motsawa sai tattabara ta tashi daga goshin jirgin Kano, tana gudun kilomita 100 a awa, ta nufi na Maraɗi. Tana taɓa shi ta juyo, ba hutu. Tana taɓa na Kano ta sake juyawa. Haka ta yi ta kai da komo, tazara tana tsukewa, har jiragen suka haɗu. Kilomita nawa ta yi gaba ɗaya?

Ɗalibi mai himma zai bi tattabarar sau da ƙafa. A zangon farko ita da jirgin Maraɗi suna cin tazarar tare, kilomita 171 a awa, saboda haka za su gamu bayan awa ɗaya da minti kusan 40, ta riga ta yi kilomita 166 da 'yan kai. A lokacin abin da ya rage tsakanin jiragen kilomita 48 ne. Zango na biyu ya ba shi kilomita 28. Na uku bai cika 5 ba. Na huɗu bai kai ɗaya ba. Ya tara ya ga ya haura 199, ga shi kuma tattabara ba ta gama ba, domin duk sa'ad da ta taɓa wani jirgi akwai 'yar tazara da ta saura tsakaninsa da ɗayan, kusan kashi ɗaya cikin shida na wadda ta gabata. Ya juya takarda, ya cika bayanta, zango bai ƙare ba.

Ɗaya hanyar kuwa numfashi ɗaya ce. A ƙyale tattabara, a dubi agogo. Jiragen biyu suna cinye kilomita 142 kowace awa, tazarar kuma 284 ce, awa biyu ke nan kafin su haɗu. Tattabara tana sama duk tsawon awa biyun tana cin 100 a awa. Ta yi kilomita 200.

Akwai labarin da masana lissafi suke ji da shi a kan wannan tambaya. An taɓa ɗana ta ga John von Neumann, haifaffen Budafes ta ƙasar Hungari a 1903, ɗaya daga cikin waɗanda suka aza tubalin kwamfutar zamani a Amurka. A yadda Paul Halmos ya rubuta labarin a 1973, masu keke biyu ne da ƙuda, amma tambayar ɗaya ce. Mai tambaya bai gama sauke numfashi ba von Neumann ya faɗi amsa daidai. Mutumin ya ji haushi, ya ce ashe dama ya san dabarar. Shi kuwa ya nuna bai san da wata dabara ba, zangunan ya tara a ka tun daga na farko. Ana ba da labarin ne don a jinjina wa kaifin ƙwaƙwalwarsa, amma akwai abin da ya fi wannan muhimmanci a ciki: doguwar hanya ba ɓata ba ce. Ita ma 200 take kaiwa, daidai ba ragi ba ƙari.

A dandali, wanda kacici-kacici ya gagara yakan ba da gari, a faɗa masa amsa, a yi dariya a wuce zuwa na gaba. Wannan kam bai kamata a wuce shi da wuri ba. Gajeriyar hanya ta ba da adadi, amma ta tsallake abin da doguwar ta tono. Sau nawa tattabarar ta juya? Lissafi ya ce ba iyaka. To yaya aka yi aikin da ba shi da ƙarshe ya ƙare cikin awa biyu? Wane jirgi ma ta taɓa daga ƙarshe? In na Maraɗi ne, yawan zangunanta mara ne. In na Kano ne, cika ne. Adadin da ba shi da iyaka kuwa ba a ce masa cika, ba a ce masa mara.

Daga nan tambayar ta bar hannun malamin lissafi ta shiga zauren da ake karanta tauhidi, ko da masu zauren ba su taɓa jin ta da sunan jirgi ba.

Tsohuwar tambaya ce. A ƙarni na biyar kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, wani Bagirke mai suna Zeno, mutumin Eleya a kudancin Italiya ta yau, ya ce gwanin gudu ba zai taɓa cim ma kunkurun da aka ba ratar farko ba, domin kafin ya isa inda kunkurun yake, kunkurun ya ɗan matsa, kafin ya isa nan kuma ya sake matsawa, haka har abada. Kowa ya san a fili za a cim ma kunkuru. Abin da ya hana masana barci shi ne gano inda hujjar ta karkace.

Malaman Musulunci sun yi wannan dambe da kansu, kuma sun yi shi da gaske. A Basra, a farkon ƙarni na tara Miladiyya, Abul Huzail da mabiyansa suna ganin kowane jiki an gina shi ne da ƙwayoyi ƙanana waɗanda ba sa rabuwa, abin da littattafan ilimin kalam suke kira jauharul fardi. Ɗalibinsa Ibrahim an-Nazzam, malamin shahararren marubuci Jahiz, ya ce sam, duk ƙanƙantar abu yana da rabi, rabin ma yana da rabi, babu inda za a tsaya. Sai abokan jayayyarsa suka kawo masa tururuwa. Shahrastani, wanda ya rasu a 1153, ya adana wannan muhawara a littafinsa kan addinai da ƙungiyoyi. Suka ce ga tururuwa ta hau dutse ta wannan gefe ta sauka ta wancan. In sassan dutsen ba su da iyaka, yaya 'yar halitta mai ƙididdigaggen kwana ta gama ratsa su? Nazzam bai janye ba. Ya ce wani sashe tafiya take yi a kansa, wani kuma tsallake shi take, ta bar wuri na farko ta bayyana a na uku ba tare da ta bi ta na biyu ba. Wannan tsallen ya bi sunansa har yau, malamai suna lissafa shi cikin abubuwan ilimin kalam da hankali ya kasa kamawa.

Tururuwar Basra da tattabarar Kano da Maraɗi matsalarsu ɗaya. Wanda ya karɓi ra'ayin ƙwayar da ba ta rabuwa, kamar yadda manyan Ash'ariyya irin su Baƙillani suka yi daga baya, zai ce zangunan suna da iyaka: tazara za ta yi ta raguwa har ta kai ƙwaya ɗaya, daga nan babu sauran rabi, magana ta ƙare. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya bi sawun Aristotal ya ƙi ƙwayar, ya kuma ƙi tsallen. A wurinsa dutse abu ɗaya ne har sai an fasa shi. Cewa ana iya raba shi ba iyaka daban ne da cewa yana nan a rarrabe ba iyaka. Aristotal ya riga ya ƙara da cewa lokaci ma rabuwa yake yadda nisa yake rabuwa, ƙaramin zango ƙaramin lokaci yake ci. Duk wanda ya ce wa yaro ya bar tattabara ya dubi agogo, wannan amsar ce yake maimaitawa, ko ya sani ko bai sani ba.

Idan aka auna ra'ayoyin uku, na Ibn Sina ya fi zama a kan wannan tambaya. Nazzam ya cancanci yabo don bai gudu daga inda hujjarsa ta kai shi ba, amma tsallen nasa faci ne. Rashin iyakar da ke cikin kacici-kacicin a hannun mai lissafi yake, shi ne ya zaɓi ya yanka awa biyu gunduwa-gunduwa, kowace ƙasa da 'yar'uwarta. A zo da tattabara ta gaske a gani. Bayan zango na biyar tsakanin jiragen bai cika mita 40 ba, bayan na bakwai mita ɗaya ne da ɗan abu, bayan na takwas santimita 19 ne, taƙi ɗaya, wurin da ko fiffike ba za ta iya buɗewa ba. Tsuntsuwar da take juyawa ba iyaka ba ta da jiki, ba ta da nauyi, ɗigo ce a takarda. Masana lissafi sun daɗe suna tara irin waɗannan jerin lambobi masu ƙanƙancewa kafin Bafaranshe Augustin Cauchy ya tsara musu ƙa'ida mai ƙarfi a 1821: jimillar ita ce adadin da tarin yake kusanta iya kusancin da aka so. A nan 200 ne. Ƙa'idar ba ta ce akwai zangon ƙarshe ba, domin babu shi, saboda haka tambayar wane jirgi ta taɓa daga ƙarshe ita ma tarko ce, irin ta wanne ya fi kusa da Kano. Ko sararin da Allah ya halitta shi kansa ƙwaya-ƙwaya ne ko shimfiɗe yake ba gaɓa, wannan har yanzu masana kimiyyar zamani ba su yanke hukunci a kai ba.

Akwai inda abin ya fi tsanani, can ne kuma ɗalibi mai kaifin hankali zai iya tuntuɓe in ba a tare shi da gaskiya ba. A zaurukan ƙasar Hausa an daɗe ana karanta Ummul Barahini, ƙaramin littafin aƙida na Shehu Muhammad bin Yusuf as-Sanusi, mutumin Tilimsan da ya rasu a 1490. Cikin hujjojinsa kan cewa Allah ba shi da farko akwai wannan: da a ce fararre ne, da ya bukaci wanda ya farar da shi, wancan ma ya bukaci wani, sai a faɗa cikin kewaye ko cikin jerin da ba shi da tushe, wato dauru ko tasalsuli, dukkansu kuwa hankali bai yarda da su ba. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi amfani da makamin da ya yi kama da na tattabara lokacin da yake rusa masu cewa duniya ba ta da farko. Ya ce rana tana gama zagayenta a shekara ɗaya, tauraron Mushtari a shekara 12, tauraron Zuhal a shekara 30. In dukkansu sun yi zagaye marar iyaka, yaya wani marar iyaka ya ninka wani? Kuma yawan zagayen shafa'i ne ko wutiri?

To ga yaron da ya je sakandare da safe ya zauna gaban malam bayan magariba. Da safe an nuna masa jeri marar iyaka da ya taru ya ba da 200 cif. Da dare an ce masa jeri marar iyaka ba ya yiwuwa. In ya yi shiru, ɗayan karatun biyu ne zai mutu a zuciyarsa. In ya ce, «Allah ya gafarta Malam, ina da tambaya», ya kamata a sami amsar ba shi, kuma akwai ta.

Jerin biyu ba iri ɗaya ba ne. Tafiyar tattabara tana da farko, goshin jirgin Kano, tana da bango a gaba, awa biyu. An san dukan abin tun kafin a fara yanka shi, yankan kuma ƙanƙancewa suke. Jerin da Sanusi ya kore kuwa na dogaro ne, kowane ɗaya ba shi da samuwa sai ta hannun na bayansa. Manomi a Runka ya je aron garma, maƙwabcinsa ya ce bari ya aro masa wurin wane, wane ya ce bari ya aro wurin wane. Ko masu aron sun kai dubu, ko sun wuce ƙidaya, in babu mutum ɗaya da garmar take tasa ta kansa, ba za a yi huɗa ba. Amma ga kunya a gona, an yi huɗa. Ashe akwai mai garma. Wannan hujja ba ta damu da tsawon layin ba, abin da take tambaya shi ne daga ina abin ya fito, kuma tara lambobi masu ƙanƙancewa bai taɓa ta ba ko kaɗan. Gaskiya ne malamai sun saɓa a kan jerin aukuwa a cikin zamani: Ibn Rushd bai karɓi hujjar Gazali ba, Ibn Taimiyya ma yana da nasa bayani dabam. Amma a kan cewa jerin masu samarwa dole ya tuƙe ga wanda ba a samar da shi ba, bakinsu ɗaya.

Abin takaici shi ne a yau da wuya yaro ya sami mutum ɗaya da zai zauna da shi a kan ɓangarorin biyu. Da ba haka ƙasar Katsina take ba. Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, wanda ya yi karatu a nan kafin ya tafi hajji, ya rubuta littafi a farkon shekarun 1730 kan yadda ake gina hatimi mai gidaje mara, irin wanda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, yake ba da jimilla ɗaya. Masana tarihin lissafi suna ambatonsa har yau. Ya yi rubutu kan nahawu da manɗiƙi, ya rasu a Alƙahira a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. Daga cikin malaman da ake ambata masa akwai Muhammad al-Wali na Bagirmi, wanda ya yi sharhi a kan wannan littafi na Sanusi. Lissafi da aƙida a tabarma ɗaya aka karanta su.

Saura tambaya ɗaya da mai tsoron Allah zai iya yi: shin ɗana wa mutum tarko da tambaya ya halatta ma kuwa? Akwai hadisi a Sunan na Abu Dawud da ya hana tambayoyin rikitarwa. Malaman hadisi da dama sun raunana isnadinsa, amma masu sharhi sun bayyana abin da ake nufi, wato tambayar da ake jefa wa malami don ya zame a yi masa dariya. A gefe guda kuma Bukhari ya kawo, a babin ilimi, ranar da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya tambayi sahabbai wace bishiya ce ganyenta ba ya zuba, wadda ta yi kama da Musulmi. Hankalin mutane ya tafi kan itatuwan daji. Abdullahi ɗan Umar ya gane dabino ne, amma ƙuruciya da kunyar manya suka hana shi magana, da ya faɗa wa mahaifinsa daga baya kuwa, Umar ya nuna ya so a ce ya faɗa. Bukhari ya kafa hujja da wannan kan cewa malami yana iya jefa wa ɗalibansa tambaya don ya gwada fahimtarsu. Malaman Malikiyya sun bi wannan hanya, har Ibn Farhun, alƙalin Madina da ya rasu a 1397, ya tara littafi sukutum na kacici-kacicin fiƙihu.

Bambancin yana ga niyyar mai tambaya da halin da ya bar wanda ya tambaya. Ƙasar Hausa ta ga mummunan ɓangaren. A zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo an yi wasu ɗalibai da suke tare talakawa da tambayoyin ilimin kalam, wanda ya kasa kawo hujja a yadda suka haddace ta sai su ce imaninsa bai inganta ba. Shehu ya tsaya tsayin daka a kansu, ya yi rubuce-rubuce da yawa yana kare imanin gama-garin Musulmi, kamar yadda ɗansa Muhammadu Bello ya ba da labari a Infaƙul Maisuri. Hujjojin da suke riƙe da su na Sanusi ne, masu kyau. Yadda suka mai da su bulala ne ya ɓata.

Irin wannan yana faruwa a aji, ko da ba da sunan addini ba. Malamin da ya ɗana tambayar tattabara, ya bar yaro ya cika takarda, sannan ya faɗi amsa cikin daƙiƙa biyar don aji ya fashe da dariya, ya koya wa yaron cewa bin abu daki-daki wauta ce. Alhali yaron nan shi ne ya bi hanyar von Neumann, shi ne kuma ya isa bakin tambayar da ta tsayar da Nazzam. Wanda ya haddace dabarar agogo ya sami maki, amma bai ga ramin da ya tsallake ba.

A ƙauyukan Batsari da Safana matsalar tsaro ta rage hirar dare a dandali, inda yara suke fara wasa ƙwaƙwalwa tun kafin su riƙe alƙalami, ta kuma ci wa makarantu da yawa lokaci. Abin da ya rage na zama da tunani bai kamata a ɓata shi a kan hadda kaɗai ba. Malaman da suke fitowa daga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da Jami'ar Tarayya da ke Dutsin-Ma, nan kusa da Safana, su kai wannan tambaya aji. Su bar yara su bi doguwar hanya har su gaji, su yaba musu a kan haka, sannan su nuna musu agogo. Wanda ya ɗaga hannu ya ce to sau nawa ta juya, kada a ce masa ba ya cikin manhaja. A ba shi labarin tururuwar Basra, a tura shi wurin malamin tauhidin unguwarsu da tambayarsa, in da hali malamin lissafin ya raka shi.